Na Kai Fuskata Maraɗi

Tun ranar da na dawo wayata ba ta huta ba. Wannan ta ce da gaske ne allura ɗari ake soka wa mutum, waccan ta ce ta ji wai na mutu na dawo. Maryam ta Unguwar Kanawa har gida ta zo, ta zauna a bakin gadona tana kallon bakina maimakon ta saurari abin da ke fita daga cikinsa. Ban ga laifinku ba, ni ma da zan tambaya. Sai dai doguwar magana har yanzu tana gajiyar da ni, leɓen hagu ya yi nauyi, yawu ya taru. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta, a bar ni in huta.

Ga waɗanda ba su san farkon abin ba. Wata Asabar na tashi sallar asuba, na ɗebi ruwa zan kuskure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu ya jiƙa min riga. Na sake, ya sake zubowa. Da gari ya waye na duba madubi, na ga bakina ya karkace ya koma dama, girar hagu ta sauko, idon hagu kuma ya ƙi rufuwa. Ko na runtse, yana nan a buɗe kamar na kifi. Maƙwabtanmu a Badarawa suka ce iska ce, wai na watsa ruwan zafi a tsakar gida ba bisimilla. A asibiti likita ya ce ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar fuska ce ta kumbura. Ya ba ni ƙwayoyi da maganin ɗigawa, ya ce in riƙa manne idon da filasta in zan kwanta, don in ya bushe zai iya lalacewa. Ya ce yawanci fuskar tana komawa da kanta. Sati bakwai ina jira ba ta koma ba. Na daina zuwa shagon ɗinki, na sayi niƙabi, ni da ban taɓa sa shi ba. Babanmu kuwa tun ranar farko bai sake kallon fuskata ba. In na gaishe shi sai ya amsa yana duban tabarma.

Gwaggo Lami, yayar Baba, ita ta kawo zancen Maraɗi. Fataucin yadi take yi, ta san garin kamar tafin hannunta. Ta ce akwai likitocin ƙasar Sin a wani asibiti can, suna soka wa mutane allurai, kuma da idonta ta ga wani direba da bakinsa ya karkace ya miƙe. Baba ya ce ai ba za a rasa masu yi a Abuja ba. Ta ce a Abuja gidan wa za mu sauka? Ƙaninta ne, ya haƙura. Ni ba wanda ya tambaye ni. Ku da muka yi makaranta tare kun san ni ce na ɓuya a banɗaki ranar rigakafi har aka tashi.

Ranar Litinin muka hau motar Katsina a Kawo, gari bai gama wayewa ba. Kujerar taga aka ba ni, iska tana dukan idon da ba ya rufuwa, hawaye na zuba a cikin niƙabi. Gwaggo ta roƙi wani dattijo mai sayar da albasa ya yi musanya da ni, kuma don ya yarda sai ta ba shi labarina kaf. Kafin mu kai Zariya duk motar ta san ciwona. Kafin Funtuwa kowa ya zama likita. Mai albasa ya ce man shanu da tafarnuwa. Wata mai goyo ta ce cingam, a tauna ta ɓangaren da ya mutu. Wani ɗan gaye a gaba ya ce a nemi mai ruƙiyya. Direba ya ce a garinsu da takalmi ake marin ɗaya gefen sai ya dawo daidai, Gwaggo ta ce ya fara gwadawa a kan matarsa. Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don in na yi dariya rabin fuskar ce kawai take tafiya.

Bayan Malumfashi taya ta fashe. Muka tsaya a rana fiye da awa ɗaya, direba yana ta duba agogo, saboda ba mai son la'asar ta same shi a hanyar Jibiya. Mai goyo ta miƙo min ƙosai na ce na ƙoshi. Yunwa nake ji, amma ci a gaban mutane ya zama min aiki: abinci yana maƙalewa a kumatun hagu sai na sa yatsa na turo shi. Kunun aya na zuƙa da tsinke a ƙarƙashin niƙabi, rabi a ciki rabi a hijabi.

Daga Katsina muka canza mota. Wannan guntun hanyar ban son tuna shi. Shinge bayan shinge, na ƙirga har na gaji. Tsakanin shingayen kuma daji, motar ta yi tsit, ba mai ko tari, sai leɓuna ke motsi. Gwaggo da bakinta bai rufu ba tun Kawo, carbi ta riƙe.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da takardunsa. Wani jandarma na tsallaken ya karɓi katina, ya dubi hoton, ya dubi niƙabi, ya ce sai an ga fuska. Bai yi min tsawa ba. Ya kira wata abokiyar aikinsa mace, doguwa baƙa, ta kai ni bayan wani ɗaki. Na ɗaga mata. A hoton katin murmushi nake yi, wanda aka ɗauke mu shekarar da muka gama sakandare. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta sake duban hoton, har na fara tunanin za a mayar da ni Kaduna saboda ban yi kama da kaina ba. Can ta miƙo min katin ta ce, “Idanun naki ne. Allah shi ba da lahiya.” Ta gyara min igiyar niƙabin da hannunta.

Gidan Hajiya Mariyama muka sauka, abokiyar cinikin Gwaggo, mace mai jiki da murya. Tsakar gidanta yashi ne fari, ana share shi har ya yi zane. Hausarsu ta ɗan ba ni wuya kwana biyun farko, kuma asibiti ma likita suke ce masa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, na gwada sau ɗaya na haƙura. Da Hajiya ta lura sai ta koma dama min fura da safe da rana, ta ce wannan ba ta neman haƙori. Da azahar garin yakan mutu murus, shaguna a rufe, kowa ya kwanta, ba kamar Kaduna da ba a san hutu ba. Gwaggo kuma ta zo da jarkar rubutu daga wajen wani malami a Unguwar Sarki, kofi ɗaya safe, kofi ɗaya yamma.

Talata da sassafe muka tafi. Layi a ƙarƙashin wata rumfa: tsofaffi masu ciwon gwiwa, wani soja mai ciwon baya, da mutum uku masu irin fuskata. Ban taɓa ganin wani mai irinta ba sai ranar. Wata tsohuwa cikinsu, bakinta ya fi nawa karkacewa, tana ta hira abinta. Ta taɓa ni ta ce in cire wannan ƙyallen in sha iska, nan duk ɗaya muke. Ban cire ba sai da aka kira ni.

Ɗakin gadaje shida ne da labule tsakani, yana warin wani hayaƙi kamar an ƙona busasshiyar ciyawa. Daga baya na ga wani ganye ne da suke naɗewa kamar sigari, su kunna su kusanta shi da fatar mutum don ɗumi. Likitar 'yar ƙaramar mace ce mai furfura, Hausarta ba ta wuce kalma huɗu ko biyar ba: sannu, kwanta, zafi, yawwa. Mai fassara ita ce nas ɗin wurin, Tanti Zainabu. Tanti kamar Anti ne a wajenmu.

Kafin allura tambayoyi ne, kuma irin waɗanda ko Mama ba ta yi min. Yaya barcina, sau nawa nake bayan gida, yaya al'adata, sanyi na fi ji ko zafi, na karya kumallo? Ga Gwaggo a tsaye a kaina. Duk na amsa da lafiya lau. Tanti Zainabu ta ɗan dube ni ta rubuta. Likitar ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama ta yi shiru kamar mai sauraron rediyo, ta koma na hagu. Sannan ta ce in fito da harshe.

Na fito da shi. Matar nan ta ja da baya, ta gyara tabarau, ta kira wani abokin aikinta, suka sunkuya su biyu suna leƙen bakina suna magana da sauri. Na ce a raina shi ke nan sun ga wani mugun abu. Tanti ta tambaye ni me na ci harshena ya yi baƙi ƙirin haka. Gwaggo ce ta tuna da rubutun da ta ɗura min kafin mu fito. Tanti ta yi dariya har da riƙe ƙarfen gado. Da ta yi wa likitar bayani, sai ta ce ba ta hana ni sha ba, amma in bari sai na koma gida, don launin harshe yana cikin abin da take dubawa.

Alluran a cikin takarda suke a rufe, sababbi, a gabanki ake yagewa. Kowacce siririya ce kamar silin gashi, har lanƙwasa take. Gwaggo ta tambayi ina ruwan maganin. Aka ce babu, allurar ce kawai. Ta riƙe haɓa ta ce, “Wato mun baro Kaduna, mun ratsa dajin Jibiya, saboda allurar da ba komai a cikinta? Ko wanzami ai yana fitar da jini a gani.”

Aka kwantar da ni rigingine, aka goge fuskar da auduga mai sanyi. Kowa a ɗakin nan in za a soka masa rufe ido yake. Ni nawa ba ya rufuwa. Ina kallo hannunta ya sauko da ta farko saman gira. Shigarta kamar cizon sauro ne, ba ta kai allurar asibiti zafi ba, wannan gaskiya ce. Sai gefen hanci, kumatu, kusurwar baki, haɓa, ƙarƙashin kunne. Sai ta koma hannuna, tsakanin babban yatsa da manuni, sannan ƙasan gwiwa. Ban san abin da ya haɗa gwiwa da baki ba, ban kuma tambaya ba. In ta soka sai ta ɗan murza, a nan ne za ki ji wani nauyi da tsami yana tafiya a cikin nama kamar kiyashi. Tanti ta ce wannan ake nema. Goma sha huɗu na ƙirga. Ta kumatu ina ganin kanta a gefen idona, tana rawa duk lokacin da na ja numfashi, har sai da Tanti ta tausaya ta ɗora min jiƙaƙƙiyar auduga a idon.

Suka maƙala wa huɗu daga ciki wasu 'yan wayoyi da ke haɗe da wani ƙaramin akwati. Likitar tana murɗa maɓalli a hankali tana tambaya, “Zafi?” Kumatuna da ya yi sati bakwai a mace ya fara tsalle da kansa. Aka bar ni haka kusan rabin awa, aka ce kada in motsa. Da lokaci ya cika ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga, ta zuba a kwandon da ba a sake ɗauka. Wuri ɗaya ne ya yi ɗigon jini, gefen baki kuma ya yi ɗan shuɗi na kwana uku. Na koma gida na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin ciwon. Laraba ma haka.

Alhamis ce kuke ta tambaya a kai.

Tun sati na biyu da ciwon na yi bakance tsakanina da Allah cewa zan riƙa azumin Litinin da Alhamis har fuskata ta dawo. Ban faɗa wa kowa ba, kun san azumin nafila ba a shelarsa. Litinin ɗin tafiya na sha, don haka na ƙudura Alhamis ba za ta wuce ni ba. Sahur ruwa kawai na sha, kunya ta hana ni taɓa kwanukan mutane a gidan da nake baƙuwa. Na kuma yi lissafi da kaina cewa tunda allurar ba magani a cikinta, ba za ta karya azumi ba. Da Hajiya ta kawo fura na ce sai mun dawo.

Ranar layin ya yi tsawo, ga zafi, ba a kira ni ba sai wajen sha biyu. Tanti ta tambaye ni kamar kullum ko na karya. Na ce Alhamdulillahi. Ban ɗauke shi ƙarya ba. Haka aka koya mana, ba ka cewa kana jin yunwa a wurin mutane, ba ka cewa jiki ya yi tsanani ko kana kan gargara.

Tun allura ta biyar na ji wani sanyi ya taso min daga ƙafa. Zufa ta keto, zuciyata tana tashi. Aka gama sokawa aka haɗa wayoyi. Likitar ta ce, “Zafi?” Na ce da sauƙi. Ta ƙara murɗawa. Tanti ta leƙo ta ce yaya nake ji, na ga kamar tana nesa, a ƙarshen wani dogon lungu. Na ce da sauƙi. Ina jin bakina yana faɗa, ina kuma jin kunnuwana suna fito. Daga nan ban san komai ba.

Na farfaɗo ƙafafuna a sama a kan matasai, an zare alluran duka, likitar ta danna farcenta a ƙarƙashin hancina da ƙarfi. Gwaggo tana durƙushe a ƙasa, mayafinta ya faɗi, tana ta salati tana kiran sunana. An ce ban fi minti biyu ba. Ni dai na ga duhun. Tanti ta kawo kofin ruwan sukari bakina, na kau da kai na ce azumi nake.

Tanti ta fassara. Likitar ta cire tabarau, ta yi magana mai tsawo, ba da faɗa ba, amma fuskarta ta yi ja. Tanti ta zauna a bakin gadon ta ce:

“Ta ce ita ba ta ganin cikin jikinki. Allura na hannunta, amma bakinki ne idonta. In kin ce da sauƙi, ƙarawa za ta yi. Ba a yin wanga aiki da yunwa, shi ya sa kullum nake tambaya. Ƙanwata, nan ba zauren gaisuwa ba ne. Da sauƙin nan ki riƙa aje shi bakin ƙofa tare da takalminki.”

Gwaggo ta karɓi kofin. Ta ce, “Sha, Ummi. In kin mutu a ƙasar mutane me zan je in ce wa ubanki?”

Na sha. Rabi ya bi ta gefen baki ya jiƙa matashin.

Juma'a na ce ba zan koma ba, a kai ni tasha. Gwaggo ba ta yi min faɗa ba, abin da ya ba ni mamaki, ita ma ta tsorata. Hajiya Mariyama ce ta aika aka tambayo mata limamin unguwarsu, ya ce marar lafiya da ke shan magani ta jinkirta azumin, ta rama in ta samu lafiya. Sannan ta zauna ta sa ni a gaba da kwanon dambu, ta ce ita ba ta tambayar baƙo ko ya ci, zuba masa take ta tsaya a kansa. Kwana uku tana tsaye a kaina.

Litinin na koma. Tsohuwar nan mai karkataccen baki ta ce a'a, ga 'yar Najeriya mai suma ta dawo, ta matsa min wuri a benci. Da aka kwantar da ni, allurar ƙarƙashin kunne ta shiga da wani zafi mai kaifi, ba irin na kullum ba. Da sauƙi ya zo har bakin leɓena. Na haɗiye shi na ce, “Akwai zafi.” Ban san kalma biyu za su yi nauyi haka ba. Likitar ta ɗan janye allurar, ta karkata ta kaɗan, zafin ya ɗauke kamar an hure fitila. Ta dube ni ta ce, “Yawwa.”

Sau goma aka yi min gaba ɗaya. Girar ta fara ɗagawa kaɗan. Idon yana rufuwa, saura 'yar tsaga. Bakin bai koma ba, in na kuskure sai na tare gefen da yatsa. Na sa Tanti ta tambayar min ko alluran ne suka yi aiki ko lokacinsa ne ya yi, likitar ta ce ita ma ba za ta rantse ba. Ta ce in ci gaba da maganin ɗigawa, in koma wajen likitana na Kaduna, in riƙa motsa fuskar a gaban madubi. Ba ta yi min alkawarin komai ba. Hanyar dawowa ba abin faɗa, shingayen suna nan, ni dai barci na yi ta yi a kafaɗar Gwaggo.

Mun iso Badarawa bayan la'asar. Baba yana zaure a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa idonsa a ƙasa kamar yadda ya saba, ya ce, “Uwata, ya jikin?”

Na buɗe baki zan ba shi amsar da aka saba. Sai na ji kaina ina cewa, “Baba, idon ya kusa rufuwa. Bakin bai koma ba. Kuma tsoro nake ji kada ya tsaya a haka.”

A gidanmu ba a amsa wa babba haka. Gwaggo ma sai da ta juyo. Baba ya ajiye carbinsa ya ce in ɗaga ya gani. Na ɗaga niƙabin. Ya dube ni sosai, karo na farko cikin wata biyu da ɗoriya. Ya ce in rufe idon. Na rufe. Ya matso har ina jin numfashinsa, ya ce saura kamar ƙwayar shinkafa. Ya tambayi ina maganin ɗigawar, na ciro daga jaka, ya ce in ɗaga kai. Ɗigon farko a kumatu ya sauka, na biyu ya shiga.

Tun ranar shi yake ɗiga min safe da yamma, kuma kullum sai ya auna tsagar ya faɗa min. Jiya ya ce ƙwayar gero. Ban sani ba ko gaskiya ce ko irin tasa da sauƙin ce.

Shagon ɗinki ban koma ba tukuna, in na ɗauki allura hannuna ba ya tsayawa. Mai son zuwa dubiya ta zo, ƙofa a buɗe take. Amma duk wadda ta ce min ya jiki, ta nemi wuri ta zauna, don faɗa mata zan yi.